Sankarar dubura: A daina tsallake hoton MRI na biyu kafin tiyata

Makonni shida zuwa takwas bayan an gama yi wa mai sankarar dubura gashi, jinin da yake gani a bahaya yakan tsaya. Yawan yunƙurin nan na zuwa bayan gida ba tare da komai ya fito ba yakan lafa, abinci ya fara shiga, 'yan dubiya su fara cewa ai jiki ya yi kyau, Allah Ya ƙara sauƙi. A daidai wannan lokaci ne likita zai rubuta takardar sake ɗaukar hoton MRI. A daidai wannan lokaci ne kuma iyalai da yawa ke tambayar dalilin da zai sa a sake biyan kuɗin hoton da aka riga aka ɗauka wata uku da suka wuce.

Tambayar tana da hujja. Kafin a kai wannan matsayi an sha kashe kuɗin gwaje-gwaje da na allurai da na mota zuwa garin da injin gashi yake, wataƙila har an sayar da gona ko dabba. A cibiyoyi masu zaman kansu da yawa, kuɗin MRI guda ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Amma duk da haka, tsallake wannan hoto na biyu babban ganganci ne, domin shi ne ke nuna wa likitan tiyata irin aikin da zai yi, inda zai yanka da inda zai bari. A wasu 'yan lokuta ma shi ne ke buɗe maganar ko za a iya ɗaga aikin gaba ɗaya.

Wurin da ake magana a kai shi ne ƙarshen babban hanji, mai tsawon santimita 12 zuwa 15, inda bahaya ke taruwa kafin ya fita ta dubura. Yana zaune can cikin ƙashin ƙugu, wuri matsattse. Maƙwabtansa su ne mafitsara, da jijiyoyin da ke kula da fitsari da ƙarfin kwanciyar aure, ga mace kuma har da mahaifa da farji. Likitan da zai yi aiki a nan ba shi da filin juyawa, kuskuren santimita ɗaya zai iya barin ciwo a ciki ko ya lalata abin da ba ya gyaruwa.

A 1982 wani likitan tiyata mai suna Bill Heald, a garin Basingstoke na Ingila, ya bayyana hanyar cire wannan hanji tare da dukan kitsen da ke kewaye da shi, a cikin tantanin da ya lulluɓe su, kamar yadda ake ɗaga ƙulli ba tare da an fasa ledarsa ba. Hanyar ta rage dawowar ciwon ƙwarai, har yau ita ake bi. Sai dai tana da sharaɗi: dole ƙarin ya kasance bai taɓa wannan tantani ba. Binciken MERCURY da aka wallafa a 2006, wanda Gina Brown ta asibitin Royal Marsden ta jagoranta, ya nuna cewa MRI na iya gano ko ƙarin ya matso tantanin da tazarar milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Tun daga nan MRI ya zama taswirar aikin.

Maganar yin gashi kafin aiki kuwa ta samu gindin zama ne da wani binciken Jamus da aka wallafa a 2004, a kan majinyata sama da 800. Waɗanda aka yi wa gashi da kemo kafin tiyata, ciwon ya dawo a wurin ga kashi 6 cikin 100 a cikin shekara biyar. Waɗanda aka yi wa bayan tiyata, kashi 13.

To, a nan wani abin mamaki ya ɓullo. Idan aka cire hanjin aka kai ɗakin gwaji aka duba da madubin likita, wani lokaci ba a samun ƙwayar sankara ko ɗaya. Maganin ya riga ya cinye ta. Wani nazari da ya haɗa majinyata 3,105, wanda aka wallafa a 2010, ya samu haka ga mutum 484, wajen ɗaya cikin shida ke nan. Labari ne mai daɗi, amma da ɗaci a ƙarƙashinsa: an gano cewa mutumin ya warke ne bayan an cire masa hanji, wani ma an rufe masa dubura an buɗa masa ƙofa a gefen ciki da zai riƙa ɗaura wa jaka har ƙarshen rayuwarsa.

Wata likitar tiyata a birnin Sao Paulo na Brazil, Angelita Habr-Gama, ita ce ta fara tsayawa a kan cewa a nemi gane irin waɗannan mutane tun kafin a kai su ɗakin aiki. A 2004 ta wallafa sakamakon majinyata 265, inda 71 daga cikinsu ba a ga alamar ciwon ba bayan magani, aka bar su ba tiyata aka ci gaba da sa musu ido. Likitoci da yawa sun yi mata ca a lokacin. Yau tsarin nata na sa ido da jira ya shiga ƙa'idojin manyan ƙungiyoyin likitocin sankara, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma na farkonsu shi ne a tabbatar da abin da ya rage a wurin.

Abin da hoton ke gani

MRI ba ya amfani da hasken da ke ƙona jiki. Maganaɗisu ne da igiyar rediyo, shi ya sa maimaita shi ba ya cutarwa. A hoton farko ƙarin yakan fito toka-toka, ya bambanta da bangon hanji da kuma kitse. Bayan gashi, inda maganin ya ci sai ya zama tabo, tabon kuma yakan fito baƙi. Aikin likitan karanta hoto shi ne ya ajiye hotunan biyu gefe da gefe ya ga nawa ne ya koma baƙi, nawa ne har yanzu toka.

Ƙungiyar MERCURY ta tsara wannan zuwa mataki biyar. Mataki na ɗaya, ba a ganin komai sai siririn tabo. Na biyar, ƙarin yana nan kamar ba a taɓa shi ba. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna waɗanda ke matakan farko sun fi tsawon rai fiye da na matakan ƙarshe.

Akwai wani salon ɗauka da ake ƙarawa, wanda likitoci ke kira DWI. Shi motsin ruwa yake aunawa a cikin tsoka. Ƙwayoyin sankara a cunkushe suke kamar kasuwa ranar cinta, ruwa ba ya samun hanyar yawo a tsakaninsu, sai wurin ya fito da haske. Tabo ba shi da wannan cunkoso. Saboda haka idan aka ga ɗigon haske a tsakiyar baƙin tabo, akwai zargin saura. Ƙungiyar likitocin hoton ciki ta Turai, ESGAR, ta sanya wannan salo cikin abin da ya kamata a yi a hoton bayan magani, ta kuma ba da ma'aunin kaluluwar da ke kusa da hanjin: wadda ta kai milimita 5 bayan magani abar zargi ce.

Ko da babu maganar fasa tiyata, wannan bayani yana da amfani. Ƙarin da a da ya manne wa tantani, idan ya ja baya, aikin da aka saba ya wadatar. Idan bai ja ba, dole a faɗaɗa aikin ko a ƙara magani. Ƙarin da ya sauko kusa da zoben tsokar da ke riƙe bahaya, hoton ne zai taimaka a san ko za a iya ceto tsokar a haɗa hanjin, ko kuwa jaka ta zama dole. Sau da yawa akan haɗa da hoton CT na ƙirji da ciki, don ciwon kan tsallaka hanta ko huhu a cikin watannin da ake magani, kuma idan hakan ta faru lissafin ya canza baki ɗaya. Likitan da ya shiga aiki da hoton wata uku baya, da tsohuwar taswira ya shiga.

Inda hoton ke ruɗewa

Sai dai masu ɗaukar MRI a matsayin alƙalin ƙarshe su ma sun yi kuskure. Na'urar ba ta ganin ƙwaya ɗaya-ɗaya. 'Yan tsirarun ƙwayoyin sankara za su iya lafewa a cikin tabo, hoton ya nuna baƙi tas. A ɗaya ɓangaren kuma, kumburin da gashi ke jawowa yakan yi kama da ciwo, sai a ce akwai saura alhali babu. Wannan kuskure na biyu shi ya fi yawa: hoton yakan kasa gane da dama daga cikin waɗanda suka warke sarai. Ga kuma nau'in sankarar da ke tara majina, wadda ke barin tafkunan ruwa masu haske da ba a iya sanin ko da rai a cikinsu. Hoton PET, da wasu ke ganin tsadarsa ta sa ya fi kowanne, shi ma kumburi na yaudararsa, shi ya sa bai ƙwace wa MRI wannan aiki ba.

Saboda haka cibiyoyin da suka ƙware ba sa yanke hukunci da hoto kaɗai. Abu uku suke haɗawa: yatsan likita, na'urar leƙa hanji mai kyamara, da MRI. Yatsa na neman tauri ko ƙulluto. Kyamara na neman farin tabo shimfiɗaɗɗe da 'yan siraran jijiyoyin jini, babu gyambo babu tsiro. MRI kuma yana duba abin da ke bayan bangon, inda yatsa da kyamara ba sa kaiwa. Wani binciken likitocin Maastricht a ƙasar Holan da aka wallafa a 2015 ya gano cewa idan ukun suka haɗu a kan babu saura, yiwuwar hakan gaskiya ne ta kai kashi 98 cikin 100. Idan kuma duk suka ce akwai saura, kusan kashi 15 cikin 100 sun warke ba a sani ba. Binciken ƙarami ne, mutum 50, amma darasinsa ya tsaya. Ko yankar ɗan nama a gwada ba ya kashe maganar, don tsinken na iya ɗaukowa daga gefen da ba ciwo.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Gashi na ci gaba da aiki makonni bayan an gama shi. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar hoto a mako na biyu ko na uku, kumburi zai gani, ya yi asarar kuɗinsa. Galibi ana jira mako shida zuwa goma sha biyu. Wanda kuma ya bari har wata biyar ko shida suka wuce saboda neman kuɗi, ya ba ragowar ciwon damar farfaɗowa.

Yawan waɗanda wannan tambaya ta shafa ƙaruwa yake yi. Sabon salon da ake ba da dukan kemo da gashi kafin aiki ya ninka adadin masu warkewa sarai: a binciken RAPIDO ya tashi daga kashi 14 zuwa 28 cikin 100. A binciken OPRA na Amurka, mai majinyata 324, wanda aka wallafa a 2022, kashi 53 cikin 100 na rukunin da aka fara yi wa gashi sannan kemo suna nan da hanjinsu bayan shekara uku.

Alƙaluman da ya kamata kowa ya riƙe kuwa su ne na rumbun bayanan ƙasa da ƙasa da mujallar Lancet ta wallafa a 2018. A cikin mutum 880 da aka ce ba a ga ciwo ba aka bar su ba tiyata, kusan ɗaya cikin huɗu ciwon ya sake tsirowa a cikin shekara biyu. Kashi 88 cikin 100 na dawowar a shekaru biyun farko ta faru, kashi 97 kuma a bangon hanjin, inda ake iya gani a cire. Shi ya sa yawancinsu suka tsira: an kama shi da wuri. Kamawar kuwa ba ta faɗo daga sama ba. Duk wata uku zuwa huɗu ana duba su da yatsa da kyamara, duk wata uku zuwa shida ana MRI, ga gwajin jini, ga hoton CT lokaci-lokaci. Hatta da wannan, wani rahoton asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin New York a 2019 ya nuna waɗanda ciwonsu ya dawo sun fi fuskantar yaɗuwarsa zuwa wasu sassan jiki.

Haɗarin da ke nan gida

A Arewacin Najeriya da kudancin Nijar, labarin cewa ana iya warkewa ba tiyata zai iya zama alheri, zai kuma iya zama tarko. Tun farko yawancin masu wannan ciwo a makare suke zuwa asibiti, bayan watanni ko shekaru ana shan maganin basur, tunda duk jinin da ya fito ta dubura basur ake kiransa. Ga tsoron jaka. Likitocin tiyata sun san yadda majinyaci kan ɓace da zarar an ambace ta, saboda tunanin alwala da sallah a jam'i, da zaman aure, da abin da mutane za su ce. Malamai sun daɗe da bayyana cewa mai irin wannan larura yana da sauƙi irin na mai yoyon fitsari, amma bayanin bai kai kunnen da yawa ba.

Mutumin da ke cikin wannan hali, jini ya tsaya, jiki ya yi ƙarfi, sannan ya ji an ce a Turai ana barin wasu ba aiki, ba ya bukatar wani ƙarin dalili ya koma gida. Zai ce shi ma jira yake yi. Abin da yake yi bai yi kama da tsarin Sao Paulo ko na Maastricht ba ko kaɗan, domin can an tabbatar da babu saura ta hanya uku, an kuma ɗaure shi da jadawalin dubawa na shekaru. Tsayawar jini ba shaidar warkewa ba ce. Mafi yawan waɗanda suka ji sauƙi bayan gashi, ciwon yana nan a ƙarƙashin tabo.

Akwai masu cewa a ƙasar da injinan gashi ba su taka kara sun karya ba, inda ɗan Yobe ko Taraba sai ya yi tafiyar yini kafin ya samu, maganar MRI na biyu alatu ce, gara a tura kowa ɗakin tiyata kawai. Rabin maganarsu gaskiya ne. Inda babu na'ura mai kyau, ko majinyaci ba zai iya dawowa duk wata uku ba, tiyata ita ce hanya mafi aminci ko da ana ganin ciwon ya ɓace, kuma likitan da ya faɗi haka bai zalunci kowa ba. Amma wannan hujja ce ta ƙin tsarin jira, ba ta ƙin hoton ba. Aikin da aka yi a makance aka bar ciwo a gefe ya fi kowane hoto tsada, don sankarar da ta dawo a cikin ƙugu tana cikin mafi azabar ciwo da wuyar magani.

Ingancin na'urar ma abin dubawa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 58 a duk Najeriya, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi. An samu ƙari tun daga lokacin, amma hoton dubura na bukatar na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 ko sama da haka, da yanka sirara da aka daidaita da kwanciyar ƙarin, da salon DWI. Takardar da aka rubuta hoton ƙugu kawai, aka ɗauka yadda ake ɗaukar na ciwon baya, ba za ta amsa tambayar likitan tiyata ba. Rahoton da ya tsaya a kan an ga ƙari ya ragu, shi ma bai biya kuɗinsa ba. Ya kamata ya faɗi tazarar ƙarin da tantani, da tazararsa da zoben tsoka, da halin kaluluwa, da ko ciwon ya shiga jijiyoyin jini, da matakin da tabon ya kai. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Fom ne guda da asibitocin koyarwa za su amince da shi, da horo ga masu karanta hoto, da zama ɗaya a mako inda likitan tiyata da na gashi da na hoto da na ɗakin gwaji za su kalli hoto guda tare.

Sai kuɗi. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza. Mai sankarar hanji bai shiga wannan jeri na farko ba. Duk wani tsarin inshora ko tallafi, na tarayya ne ko na jiha, da zai biya kuɗin gashi ya bar hoton da ke auna aikin gashin, ya yi gini ne bai sa rufi ba. Asibitoci kuma za su iya rage ɓacewar majinyata ta hanyar faɗa wa iyali tun ranar farko cewa hoto biyu ne ba ɗaya ba, a sa kuɗin na biyun cikin lissafin da za a kai wa dangi, a kuma rubuta ranarsa a kati tun kafin a fara gashi.

Akwai wani ƙaramin abu da ke hannun iyali. Hoton na biyu ba ya karantuwa da kyau sai an ajiye shi kusa da na farko, domin likita na bukatar sanin ainihin inda ƙarin yake a da kafin ya san inda zai nemi saura. Majinyata da yawa a wani gari suke ɗaukar na farko, a wani su yi gashi, a wani kuma na biyu, kuma cibiyoyin ba sa aika wa juna hotuna. Takardar rahoto kaɗai ba ta isa ba. Faifan da ke ɗauke da hotunan shi ne abin nema tun ranar da aka ɗauka, a kwafe shi a filashi ko a waya, a tafi da shi duk asibitin da za a je.